Hattara da masu tallan rigar mama mai "gano cutar kansa"

'Yan uwana mata dan Allah ku buɗe ido. Akwai wasu da suka cika WhatsApp da TikTok da tallan wata rigar mama, wasu kuma ɗan faci ne da ake mannawa a jikin nono, wai yana auna zafin wurin ya turo sakamako a waya, in ya nuna kore ba ki da kansar mama, in ya nuna ja sai ki sayi maganin da su ɗin dai ke sayarwa. Kun ji fa. A bidiyon za ki ga wata sanye da farar rigar likita tana ɗaga satifiket da ko rubutun jiki ba ya karantuwa, kina tambayar lambar NAFDAC sai a ce "Hajiya ki turo rabin kuɗin tukuna, kaya sun kusa ƙarewa".

Eh gaskiya ne ƙari yana jawo jijiyoyin jini, wurin kan ɗan yi ɗumi, a kan haka ne ma wani kamfani a Amurka, Cyrcadia Health, ya yi ta gwajin abin da ya kira iTBra. To amma me ba ya sa nono ɗumi? Shayarwa tana sa wa, gab da al'ada haka, kumburin nonon mai jego haka, sannan ƙullutun da ke can ciki ko ɗan ƙarami ba lallai zafinsa ya iso fata ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011 ta sake yi a 2019 cewa awon zafi ba zai maye gurbin hoton mamogiram (wato hoton X-ray na nono) ba, iyakarsa a haɗa shi da wani gwajin. Wannan fa injinan asibiti ake magana, balle na 'yan talla.

Ni wallahi ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Koren nan ne. Mace ta shafa ta ji ƙullutu, waya ta ce mata lafiya lau, ta koma ta zauna wata da watanni, alhali dama matsalarmu kenan a Najeriya, sai ciwo ya ci jiki ake zuwa asibiti.

In kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ki tafi asibiti likita ya duba, a yi sikanin ko mamogiram, in ta kama a ɗebi ɗan nama a kai gwaji. Masu tallan kuma ku yi rifot ɗin shafinsu, kar ku tura musu ko sisi.