Kastad ko garin kunun gida? Ki kama hanyar kasuwar Tudun Hatsi

'Yar'uwa, kin tambayi abin da ya fi dacewa ki ba yaronki. In dai tsakanin kastad ne da garin kunun nan da ake kira Tom Brown, ga ɗan wata 8, ba a ma haɗa su. Garin kunun za ki yi.

Da shi na raini autana. Kakarsa ce ke soya min kayan a tsakar gida, ƙamshin gyaɗa ya cika layi har maƙwabta su aiko yara a sam musu. Yaron da a da sai an yi dambe kafin ya karɓi cokali, ya koma da ya ji ƙarar murfin kofi sai ya rarrafo. Awon da muke yi: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Kowanne a soya shi daban, a surfe waken a fece ɓawon, sannan a kai inji. Kada ki yi gaggawar sauke waken. In bai soyu ba yana kumbura ciki, kunun kuma ya riƙa ƙarni.

Waken da gyaɗar su ne ƙarfin abin. Giram 100 na waken suya na ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 36, gyaɗa wajen 25, shi kansa geron yana da kusan 11. Ki dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, don cikin yaro ƙarami ne, tsararo ruwa kawai zai cika masa shi. Ki zuba ɗan manja saboda bitamin A, wata rana garin busasshen kifi ko na zogale, wata rana ki murtsuke dafaffen ƙwai a ciki. Ban da zuma sai ya cika shekara. Nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Kastad kuwa, to, yana da saurin damawa. Amma sitacin masara ne da kala da ƙamshi, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ba ki zuba madara ta gaske ba, ƙoshi kawai yaro ya yi. Gwangwanin da na taɓa saya baƙi ne suka shanye shi da ƙosai.

Sai ki yi hattara da masu ƙulla garin a leda suna tallarsa a WhatsApp. Wasu garin masara ne zalla, an ɗan barbaɗa gyaɗa don ƙamshi. In dole sai kin saya, ki nemi mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta yanƙwane ki tsince ki zubar, gubarta na taɓa hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Madarar tamowa ta cikin 'yar leda da ake gani a kasuwa ma kada ki saya. Magani ce ta yaran da aka auna damtsensu a asibiti ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, kuma kyauta ake ba su. Karkatar da ita ake yi.

Ki je Tudun Hatsi ki auno da hannunki, ki niƙa na mako 2 kawai, ki zuba a roba mai murfi.