Bunaji, Gudali ko Ɗan Waje: Wane Bijimi Za Ka Saya wa Garkenka?

Duk wanda ya shiga karar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, idonsa kan fara sauka kan san da ya fi kowane tozo da tsayi. Dillali ma can zai ja ka. Amma mai neman bijimin barbara, wanda zai riƙa haifa masa maruƙan turke, abin da ya kamata ya dame shi shi ne cikin dabbar: buhu nawa na dusa da kowa da harawa take lamushewa kafin ta aje nama? Abinci ne ke cin mafi yawan kuɗin kiwon turke, kuma iya juya abinci ya koma tsoka hali ne da ɗa kan gada daga uba.

A yi misali. Sa biyu a turke kwana 100. Na farko yana cin kilo 8 na busasshen abinci a rana, yana ƙara kilo 1. Na biyu yana cin kilo 10, yana ƙara giram 700. Ranar kwance su, na farko ya ci kilo 800 ya ba ka kilo 100. Na biyu ya ci kilo 1,000 ya ba ka 70. Wataƙila na biyun ne ya fi cika ido ranar da aka saye shi.

Bunaji, farar saniyar Fulani mai baƙin kunne da baƙin hanci, ita ta fi yawa a Nijeriya, saboda haka samun ta ba wuya, kuɗinta ma da dama-dama. Tana jure zafi, tana jure tafiya, tana rayuwa a kan karan dawa da rani, ga nono daidai gwargwado. Aibinta shi ne jinkirin girma, kuma cinyarta ba ta cika kamar ta Gudali. Ga mai kiwon da rabinsa daji rabinsa gida, ban ga abin da ya fi ta kwanciyar hankali ba.

Gudali, wadda wasu ke kira Bokolo, ita ce zaɓina in dai turke ne manufa. Ta Sakkwato gajeren ƙaho gare ta, wani lokaci kamar babu, jiki a dunƙule, ƙirji mai zurfi, fata sakwa-sakwa. Ga sanyin hali, kuma kada a raina wannan: san da ke wuni yana fizgar igiya yana tonon ƙasa da ƙaho, abincin da ya ci a faɗa yake ƙarewa. Gudali kuwa ya ci, ya kwanta, ya yi tuƙa. Mahauta na son sa don nama ya fi ƙashi. Sai dai ka sani yana son a ba shi. In ka sake shi ya bi dogon kiwo da rani kamar Bunaji, zai zube. Akwai kuma Gudalin Adamawa da ake samu wajen Mubi da Ngaundare a Kamaru, ya fi na Sakkwato ƙaho, shi ma mai nama ne.

Rahaji, jan san Bororo mai dogon ƙaho, ado ne a garke kuma gwanin tafiya. A turke kuwa ƙafa ce da ƙashi, ga saurin fushi. Azawak na Nijar, wanda aka daɗe ana inganta irinsa a tashar Tukunus kusa da Filinge, ya dace da ƙasa mai ƙarancin ruwa, amma an fi neman sa don nono.

Sai 'yan waje, inda mutane suka fi ƙona kuɗi. Yawancin masu dabbare-dabbaren baƙi da fari da ake tallatawa jinin Friesian ne, irin madara ke nan, ba na nama ba. Na nama su ne irin su Brahman, wanda aka samar a Amurka daga shanun Indiya masu tozo, da Simmental na Suwizalan. Brahman ya fi kusa da yanayinmu. Ruwa-biyu, rabi gida rabi waje, yakan fi uwarsa saurin girma nesa ba kusa ba, muddin akwai abinci mai kyau, inuwa, ruwa da maganin kaska a kan kari. In jinin Turai ya haura rabi, zafin Afrilu da kirci (cutar fata) da sammore (cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa) za su karɓi ribar. Kuma kada a haɗa ƙaton bijimin waje da ƙaramar karsana, maraƙin na iya maƙalewa wajen haihuwa. Mai son jinin waje ba lallai ya sayi bijimi sukutum ba. Ana ɗura wa saniya maniyyi, kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, wuri ne da za a nemi shawara.

Ko wane iri ka tsayar, kada ka biya kafin ka buɗe bakinsa. Manyan haƙora biyu zuwa huɗu a gaba na nuna matashi ne mai sauran aiki. Takwas da suka fara cinyewa, tsoho ne. Sa a kora shi ka ga takunsa, don gurgu ba ya hawa. Duba 'ya'yan marainansa, su zama daidai da juna, ba kumburi. Kumburi a nan ko a gwiwa na iya zama bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, har mutum na kamuwa ta ɗanyen nono. Kira likitan dabbobi ya ɗebi jini. Kuɗin gwajin bai kai la'adar dillali zafi ba. In da hali, saya a ruga ko gona inda za ka ga uwarsa da 'yan'uwansa, ba a kara ba, inda aka cika masa ciki da kanwa da ruwa tun asuba.

In ya iso gida, ware shi mako uku kafin ya shiga garke. In maruƙansa suka zo, nemi tef ɗin tela ka riƙa auna zagayen ƙirjinsu, daidai bayan ƙafafun gaba, duk mako biyu, kana rubuta awon tare da yawan kwanon abincin da kowanne ya ci, don ka gane wanda ya fi juya abinci ya koma tsoka. Ka canza bijimi kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.