Zofiren ko Pirimperan, wanne ya fi tsai da aman kimiyo?

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon kansa nan Damagaram ya san amai ne ke fara karya majinyaci bayan kimiyo, wato maganin da ake ba mai ciwon kansa don kashe ƙwayoyin cutar, ko fura ba ta zama a ciki, ga doguwar hanyar dawowa daga Yamai inda aka yi kimiyon, kilomita wajen 900 cikin bas.

Pirimperan dai shi ne mai araha, ba ya wuyar samu a farmasi, yana sa ciki ya tura abinci ƙasa da sauri. Amma wallahi yana da nashi, yana kawo barci, wasu kuma musamman yara da matasa wuyansu ya ƙage, ido ya juye sama har dangi su ce iska ce, alhali maganin ne. Shi ya sa ba a son a wuce kwana 5 ana sha.

Zofiren kuwa ya fi ƙarfi a awa 24 na farko, saƙon aman da hanji ke aika ma ƙwaƙwalwa yake tarewa, sai dai tsada, ga ciwon kai ga taurin bayan gida, in ana ba mutum morfin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, kuma taurin ya haɗu biyu.

Ni dai in da hali Zofiren ranar kimiyo, amma lokotoro ne zai rubuta odinas, kar a saya wajen masu tallar magani a Kasuwar Dole.