Fitilar hazo a Jamus, da abin da muke ɗaurawa ga motocinmu a Sakkwato

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya iyali, ya muka ji da buji? Yaya ya turo man hoton hanyar Bodinga da sassafe, motar da ke gabanshi ma da ƙyar ake ganinta, shi ne na ce bari in zauna in rubuto maku abin da ya faru da ni nan a kan fitilar hazo, don har yau abin na raina.

Garin da nike zaune, Ulm, bakin kogin Danub yake, kuma ya yi suna wajen hazo. Amma hazonsu ba irin namu ba ne, namu ƙura ce busassa mai tsaga leɓe, nasu tururin ruwa ne fari fat mai jiƙa gilashi, da kaka ta shigo sai ya kwanta bisa hanya tun asuba wani lokaci har rana ta yi tsaka bai tashi ba. Ni kuwa aikin asuba nike fita. Motata tsohuwar Corolla ce, tana da fitilar hazo ta baya, ja, don wannan dole ce nan, amma ta gaba babu, murfin roba kawai ne cikin bamba inda ya kamata ta zauna. Na je gareji sunka ce sai an ba ni rana can gaba, kuma kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, da anka buga man jimla sai na ga ladan hannu ya ninka kuɗin fitilar. Na ce to, ɗan Sakkwato da ya tashi yana leƙen bonet, zan ɗaura abata da kaina.

Na shiga shagon kayan mota, na iske wani dattijo bayan kanta. Abu na farko da ya tambaya takardar mota, akwai wasu lambobi cikinta da yake bugawa a kwamfuta sai ta fito mai da ainihin kayan da sunka dace da motar, babu zancen ka kai ka gwada in bai shiga ba ka maido. Idona ya faɗa kan wata fitila doguwa mai ƙwayoyin LED jere, irin wadda kuka sani gaban Hilux da manyan motoci, na nuna mai na ce waccan nike so, ta fi haske. Wallahi sai mutumin ga ya girgiza kai. Ya ce waccan fitilar aiki ce, ta tarakta da motocin gini, don a haska gona ko wurin aiki, haramun ne ka kunna ta kana tafiya bisa titi, za ta makantar da wanda ke tahowa, kuma ranar da ka kai mota gwajin lafiyarta da ake yi duk shekara 2, wanda suke ce ma TÜV, ba za ta wuce ba. Ya ɗauko wata ƙarama wadda ba ta kai waccan tsada ba, ya juya gilashinta ya nuna man harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi, ya ce duk fitilar da ba ta da wanga tambari kada in ɗaura ta ga mota.

Jama'a ku duba fa. Mai shago, kuɗi a hannuna, ni na zaɓi mai tsada da bakina, ya hana ni ya ba ni mai arha. Na daɗe tsaye ina kallonshi. Na yi ta tuna sau nawa anka miƙo man kaya a gida ana rantsuwa orijinal ne, kwana kaɗan ya ƙone, ka koma a ce ai motarka ce ke da matsala. Kuma abin da ya fi tsaya man a rai, ashe abin da muke ɗaurawa muna alfahari da shi a hanyar Gusau da Illela da Tambuwal fitilar gona ce, ba a yi ta don titi ba tun farko.

Da ya buɗe kwalin, ba fitila biyu kaɗai ba ne ciki. Ga waya an riga an naɗe ta cikin bututun roba, ga rilai, ga gidan fiyus da fiyus mai amfiya 15, ga makunni mai ɗan koren haske, ga takarda da zanen inda kowace waya za ta. Duk da haka dattijon bai bar ni na tafi ba sai da ya ɗauki biro ya sake zana man bayan rasit. Ƙwai biyu masu wat 55 kowanne, wat 110 kenan, a batir mai bolt 12 wutar da za su ja ta kai kusan amfiya 9, in ka bi da ita kai tsaye ta ɗan makunnin dashbod ko ka jona ta ga wayar fakin lait, siririyar wayar za ta yi ta ɗaukar zafi har roba ta narke. Aikin rilai kenan, makunni ya aika mai 'yar wuta kaɗan shi kuma ya buɗe ma babbar wuta hanya daga batir. Ku duba gindin kowane rilai za ku ga lambobi, kuma tsarin lambobin ma na Jamusawa ne duniya ta ɗauka. 30 ita ke zuwa batir amma ta bi ta fiyus, fiyus ɗin kuma kusa da batir ba can nesa ba, 87 ta tafi ga fitilun, 85 ta kama ƙarfen jikin mota, 86 ta fito daga makunni. Shi kuma makunnin a ba shi wuta daga fakin lait, yadda in ka kashe fitilun mota ita ma za ta mutu ba ta kwana tana shan batir ba.

Aikin ma ba bakin titi na yi shi ba. Akwai gareji na haya, ka biya kuɗin awa su ba ka wuri da injin ɗaga mota da sifana da komai, kai ke aikinka, makanike na nan kusa in ka kakare. Na cire kan batir na negetif tukuna, na bi da waya ta ramin da ke da zoben roba don kada ƙarfe ya yanke ta, na nisanta ta da inji da duk abin da ke zafi ko juyawa, kowane haɗi an matse shi da filaya ta musamman an rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Da na gama makaniken ya jawo na'urar saita haske ya duƙar da fitilun ƙasa, don ita fitilar hazo ƙasa take haskawa da faɗi, ta nuna maka layi da gefen hanya, shi ya sa ake sa ta ƙasa da manyan fitilu. Ful lait cikin hazo dawo maka yake cikin ido, na tururi ne ko na ƙura.

Ko kunna ta ma da doka. Ja ta baya ba ka taɓa ta sai in ba ka iya ganin abin da ya wuce mita 50, kuma a lokacin gudunka kada ya haura kilomita 50 a awa. Sandunan gefen hanya tsakaninsu mita 50 ne, in kana daidai ɗaya ba ka hango na gaba ba to lokaci ya yi. Duk watan Oktoba kuma garejoji na duba ma mutane fitilu kyauta.

To mu kuma fa? Ni da idona na sha ganin rewaya ya fere waya da haƙori, ya murɗa ta da 'yar uwarta, ya naɗe da baƙin tef, fiyus ya ƙone ya ƙi neman dalili ya cusa silin waya ko takardar kwalin sigari a wurin ya ce an gama Alhaji. Fiyus ƙonewa yake don mota kada ta ƙone, ka cire shi mi ya rage? Sai ka ji mota ta kama da wuta a ce tsautsayi. Kuma ba laifin rewaya kaɗai ba ne, mu masu mota mu ke cewa a yi sauri, a yi da arha, mu ke cewa a ɗaga fitila sama ta haska har bisa itace. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Talata Mafara ko Jega bayan magariba ya san yadda mai wanga haske ke rufe maka ido, ka rage gudu kana salati, ba ka sani ba ko ɗan kabu-kabu ne gabanka ko amalanke ko yaro da tumaki. Rai ne fa. Ka yi mai alama ya rage sai ya ƙara maka wata.

Duk da haka ranar da nike kwance ƙarƙashin motar yatsuna sun ƙage don sanyi, gida na tuna. Can da ka buga waya rewaya zai zo har ƙofar gida bisa babur, a shimfiɗa tabarma, a kawo shayi, ana aiki ana hira, in kuɗi bai cika ba ya ce ka kawo gobe. Nan ba mai zuwa, Lahadi kuwa ko ƙusa ka rasa shaguna rufe suke sai Litinin. Kuma yaranmu na da basira, wanda ke gano inda wuta ta yanke da ɗan ƙwai da waya kawai ba ƙaramin gwani ba ne, kayan kirki ne babu, da wanda zai tsaya ya ce a'a kamar dattijon can.

Yaya, na saya maka saiti guda irin nawa da rilai da fiyus na ajiya, zan ba mai tahowa. Don Allah in ka kai ma rewaya ka tsaya kanshi, kada ya aje rilai gefe ya ce ba ya da amfani, kuma da dare ya yi ka faka motar gaban bango ka duba, hasken ya tsaya ƙasa da gwiwa. Waccan doguwar da ke bisa bambarka kuma a kwance ta, a kai ta gona.