Kabon giranda: na asali da mai araha, yadda na gan su a shagona

Sana'ata walda ce, kuma girandata Makita 9557NB ita ce hannun damana. A cikinta akwai 'yan gawayi biyu da muke kira kabon, wasu su ce buroshi, waɗanda sifirin ke danna su a kan zoben tagullar amecha, wato sashen da ke juyawa a cikin injin, don wuta ta shiga. Injin da ke juyi 11,000 a minti ɗaya, dole kabonsa ya riƙa cinyewa. Don haka aka yi shi, ya ci kansa ya bar tagulla lafiya.

Kabon da ya zo a cikin injin ya yi mini kusan wata bakwai, kullum ana yankan ƙarfe da gurzar bakin walda. Da ya ƙare sai na sayi mai araha a wani shago, marar suna a jikin leda. Mako uku kacal ya yi. Tun ranar farko na ga tartsatsi shuɗi ta ramukan iska, ga warin ƙuna, ƙarar injin ma ta sauya. Da na buɗe, sai na tarar gefe ɗaya ya gutsure, zoben kuma ya yi zane-zane kamar an karce shi da ƙusa. Wallahi raina ya ɓaci, domin kuɗin amecha ya ninka na kabon sau da yawa. Allah ya taimake ni mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin cikin inji, ya goge zoben da sanfefa mai laushi, ya dawo.

Daga nan na nemo kabon na asali, CB-325, lambar da ta dace da injin. Kuɗinsa ya fi, amma ban yi nadama ba. Na sauya biyun tare, na bar injin ya yi 'yan mintoci yana juyi ba aiki, har bakin kabon ya kwanta daidai da zoben. Tartsatsin ya koma ɗan kaɗan, ƙarar ta daidaita.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar kabon, musamman ta yankan tayil da siminti, sai kuma danne inji da ƙarfi har ya riƙa nishi. Yarana na shago sun fi yin wannan, kullum ina fama da su. Yanzu duk ranar Alhamis nake hure cikin injin da iska. Yau wata biyar ke nan, jiya na ciro kabon na duba, da sauran fiye da rabi.