Masauki a gidan gona a kwarin Orcia: sharhina

Duk mai son ganin karkarar Italiya ba tare da turmutsitsin Roma ba, shawarata ya kama ɗaki a gidan gona a kwarin Orcia, kudu da birnin Siena a yankin Toskana. Irin wannan masauki shi suke kira agriturismo: manomi ne ke ware ɗakuna a gidansa ya sauki baƙi, ya ciyar da su daga gonarsa. Tun 1985 Italiya ta yi doka a kai don kada manoma su watsar da gonaki. Ni da maiɗakina mun sauka a wani da ke tsakanin garuruwan Pienza da San Quirico, a ƙarshen Oktoba, ana tsakiyar tsinkar zaitun.

Ɗakin ginin dutse ne, tsaf, ba ƙyale-ƙyale. Kuɗinka a taga suke fita. Tuddai ne a kwance bi da bi, an huɗe su ƙasar ta fito toka-toka, dogayen bishiyoyi sirara sun jeru a bakin hanya, can nesa ga dutsen Amiata. Ba a banza UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004 ba.

Amma abin da zai mayar da ni shi ne girkin uwar gidan. A gabanmu ta kwaɓa fulawa da ruwa, ta yanka, tana murza kowane sili da tafin hannu a kan katako har ya yi tsawo. Sunan wannan taliya pici, kuma wanda ya san taliyar murji zai gane ta nan take, sai dai ta fi kauri. Miyarta tumatir ne da aglione, wata ƙatuwar tafarnuwa marar yaji. Burodinsu ba gishiri ko kaɗan. Da farko za ka ji shi lami, sai an gasa shi, an goga tafarnuwa, an kwarara sabon man zaitun kore shar mai ɗan kartar maƙogwaro, sannan za ka gane dalili. Sai cukun madarar tumaki na Pienza, wato pecorino, wanda ake ci da zuma. Mai gidan ya ba mu labarin cewa da tsarin noman raba amfani da mai gona ya rushe wajen shekarun 1960, manoma sun gudu birni, makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka shigo da garkunansu suka raya kiwon.

Ga inda ban ji daɗi ba. Mun rubuta tun wajen kama ɗaki cewa ba ma cin alade, ba ma shan giya, amma a daren farko sai ga faranti da yankakken naman alade a teburinmu. Saƙon bai kai kicin ba. Uwar gidan ta ba da haƙuri ƙwarai, daga nan kuma komai sai ta gaya mana abin da ke ciki. Musulmi ya kula sosai: ƙasar giyar Brunello ce, ana zuba giya a dahuwar nama, kuma ko miyar wake da kabeji ta ribollita wasu da kitsen alade suke fara ta. Ka tambaya baki da baki, kada ka dogara da rubutu.

Karin kumallon ma bai riƙe ciki, kofi ne da ɗan kek, intanet kuma sai ka fito tsakar gida.

Pienza ba nisa, kuma ta cancanci yini guda. Ƙauyen haihuwar Paparoma Pius na II ne, shi ya sa magini Bernardo Rossellino ya sake fasalinsa daga 1459. A Bagno Vignoni kuwa, dandalin garin ɗungurungum tafki ne na ruwan zafi mai hayaƙi, an hana wanka a cikinsa. Duk waɗannan sai da mota. Bas ba ta da yawa, ballantana ranar Lahadi, kuma hanyar shiga gonar ta tsakuwa ce, don haka ka yi hayar mota tun daga Siena, ka isa kafin magariba.