Igiyar jan kai ko ƙafar mahayi: wanne ke sa doki ya karɓi linzami?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: dokinsa ɗan shekara 5 yana ɗaga kai sama, ya miƙa hanci gaba da zarar an shiga sassarfa. Shin ya sayi igiyar nan da ake ɗaurawa a majayi, ta bi ta zoben linzami ta dawo hannu, ko kuwa ya ci gaba da fama da ƙafa da zama, wato sarrafa dokin da ƙafar mahayi da yadda yake zama a kan sirdi?

Malam, na gwada duka biyun. Igiyar tana da sauri, wannan ba musu. Tana ƙara wa hannunka ƙarfi, cikin ɗan lokaci kan ya sauko. Sai dai ka dubi abin da ya sauko da kyau: haɓa ta koma wajen ƙirji, wuya ya karye a tsakiya, gadon baya ya lotsa, ƙafafun baya suna jan ƙasa. Dokin bai karɓi linzami ba, ɓuya ya yi a bayan linzamin. Na taɓa yi wa wata goɗiya haka, ranar da na cire igiyar sai na ji kamazuru fayau a hannuna, ba nauyi ko kaɗan, ba kuma birki. Gyaran wannan ya fi gyaran ɗaga kai wuya nesa ba kusa ba. Tun 2010 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta lanƙwasa wuyan doki da ƙarfin tsiya.

Hanyar ƙafa da zama kuwa tana cin makonni, wani lokaci watanni, amma daga ƙafafun baya take fara aiki. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba. Aikinka shi ne ka sa na baya su shigo ƙarƙashin ciki. Ka matsa da sharaɓa, ka zauna daram, hannu ya tsaya cak yana jira, gwiwar hannu da kamazuru da bakin doki duk a layi ɗaya. Da ya sassauta muƙamuƙi, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, ka saki yatsu kaɗan. Wannan sakin shi ne ladansa, da shi yake gane abin da kake so. Ka yawaita sauya tafiya, daga taku zuwa sassarfa, ka dawo taku, a da'ira mai faɗin mita 20. Za ka ji ranar da abin ya zo: baya ya taso a ƙarƙashin sirdi, ƙeya ce mafi tsayi, hanci ya ɗan wuce goshi gaba, yana tauna linzami a hankali har kumfa ta fito a leɓe. A tsarin horon Jamusawa mai matakai 6, riƙon linzami na uku ne, sai an sami daidaiton taku da sakin jiki tukuna.

Igiyar tana da wurinta a hannun ƙwararre, na ɗan lokaci, tare da kamazuru na ainihi. Ga ƙaramin doki irin naka, ban ba ka shawarar ta ba.

Kafin komai ma, a kira likitan dabbobi ya duba bakinsa. A wannan shekarun bai daɗe da gama famfara ba, kuma kaifin turame yana yanka kumatu ta ciki. A duba zaman sirdin a bayansa shi ma.